Rigar Likita a Hannun Yaya

Yayana likita ne duk ranar Asabar bayan la'asar. Sauran kwanakin kuwa mutum ne da ba ya iya kallon ana yanka kaza. Ba sharri nake masa ba. Akwai wata Babbar Sallah da Baba ya ce ya riƙe ƙafar ragon layya, wuƙa na sauka Yaya ya riga ragon kwanciya. Sai da muka bar nama muka koma fifita da yayyafa ruwa. Rago ya cika cikin mutunci, Yaya ya farfaɗo yana tambaya ko an gama.

Wannan bawan Allah aka ɗauka a wani shirin talabijin mai dogon zango, aka sa masa farar riga, aka ce shi ne babban likitan tiyata. Karatun gini aka tura shi kwalejin fasaha ta garinmu, Ƙauran Namoda. Ya bi abokai Kano hutu, ya dawo da gyararren gemu da labarin wai wani darakta ya ce fuskarsa ta likitoci ce. Ni dai na duba fuskar sama da ƙasa, ta mai jiran a sauke tuwo na gani.

Gidan maƙwabtanmu muke zuwa kallo, su ke da sola. Asibitin cikin shirin yana ƙyalli har mutum zai iya cin tuwo a ƙasa. Ba a ɗauke wuta, babu ƙuda ko ɗaya. Da an shigo da mara lafiya sai likitoci su kwaso da gudu kamar an ce ana rabon shinkafa, suna tura gado mai taya, Yaya a gaba rigarsa na tashi a bayansa. 'Yan uwan mara lafiya aikinsu guda ne: su tsaya bakin ƙofa cikin kwalliya suna kuka, jan-baki bai goge ba. Babu mai bokiti, babu mai tabarma, babu wanda aka aika kemis ya sayo safar hannu da allura. Kuma kowane mako, daidai lokacin da na'ura ta fara kuka, Yaya zai juyo ya zaro ido ya ce, "Yau babu mai mutuwa a hannuna." Sai a tafi talla.

Wannan maganar ta kusa raba shi da Baba. Baba malamin Larabci ne a sakandare, shi ke jan salla a masallacin layinmu in liman ba ya nan. Ya ce mutum ya tsaya gaban duniya yana yi wa mutuwa iyaka, ko insha Allahu babu? Ya sa Yaya ya roƙi darakta a ƙara. Darakta ya ce in an ƙara, maganar ta yi sanyi. Tun daga nan Baba ya ce idonsa ba zai ga shirin ba. Amma in mun dawo daga kallo sai ya tambayi Inna, yana duban littafi, ko yaron nan ya yi wani abin kunya yau.

Ni kuwa Yaya ya gaya mini asirin komai, don na iya naci. Asibitin gidan wani attajiri ne a Kano. Jinin zoɓo ne da aka dafa ya yi kauri. Abin sauraron ƙirji da yake ratayawa a wuya robarsa a tsage take, da salatif aka naɗe ta, shi ya sa kullum yake riƙe wurin da yatsa kamar salo ne.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana wani ƙauye gaba da Zurmi. 'Yan bindiga sun kore shanun garin, sun ƙona rumbuna, rabin mutane sun watse, ita ta ce ba inda za ta. Kabarin mijinta na can, awakinta na can, wanda ke son ganinta ya san hanya. Baba ya yi lallashi har ya gaji. Don haka ranar da muka ga an sauke ta a ƙofar gidanmu daga motar 'yan kasuwa, irin waɗanda ke jeruwa su taho tare da safe saboda hanya, ba wanda ya yi murna. Ƙafafunta sun kumbura kamar turame. Dokin ƙofar zaure kawai ta tsallake, sai da ta zauna ta huta kamar ta hau dutse.

Lokacin Yaya na gida hutu. Ya zo da rigar, wai zai wanke, alhali so yake 'yan matan layi su gan ta a kan igiya.

Kaka ta sha ruwa, numfashinta ya ɗan daidaita, ta dube shi. Maigida take ce masa, irin wasan kaka da jika. Ni kuma Aku, saboda dalilan da ban yarda da su ba.

"Maigida, ina rigar?"

"Wace riga, Kaka?"

"Farar nan da kake gudu da ita cikin waya kamar an biyo ka."

Ashe jikokinta na can suna zuwa kasuwar Moriki wajen masu tura finafinai, a zuba musu shirin a waya, ita kuma ta sa su zauna su riƙe mata har batir ya mutu.

Yaya ya durƙusa gabanta ya fara bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yaro. Wasa ne, Kaka. Ba asibiti ba ne. Jinin ma zoɓo ne. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

"Ka gama? Ni na wanke ka ranar da an ka haife ka. Labarin rago ma har ƙauye ya iske ni. Na san ko ƙaya ba ka iya cirewa."

Na fashe da dariya. Inna ta harare ni.

Sai Kaka ta ba da labari, tana yi tana tsayawa neman iska. Bara ta raka maƙwabciyarta asibiti. Suka zauna a baranda tun hantsi har rana ta karkata, ba wanda ya ce musu ku ci kanku. Sai ga wani ya kawo matarsa, ƙanensa na biye da farar riga, ma'aikacin wurin ne. Ko zama ba su yi ba aka shige da su.

"Wurin nan ba ciwo ake dubawa ba, wanda ya kawo ka ake dubawa. Ni ba ni da mai farar riga sai kai. Su ma'aikatan ba su kallon wasan naka?"

Baba ya ce wannan yaudara ce, ba za a yi ta da ɗansa ba. Kaka ta miƙe kumburarrun ƙafafunta a kan tabarma. Baba ya daɗe yana kallon su. Daga nan ya ba da fatawar da ban taɓa jin irinta ba: Yaya ba zai sa rigar ba, ba zai ce shi likita ba ne, duk wanda ya tambaye shi ya faɗi gaskiya. Amma yana iya rataya ta a hannu, tunda ba a hana mutum ɗaukar kayansa ba.

Na ce, "Baba, in iska ta hura ta ta hau kafaɗarsa fa?"

Inna ta ce in tashi in hura gawayin guga kafin ta hura ni.

Na goge rigar nan har tana iya tsayawa da kanta. Ni aka naɗa mai jinya, don Inna za ta tsaya girki da ƙannena. Na ɗauko tabarma, bokiti, buta, filas, mafici, kwanon sha, zannuwa. Muka shiga keke napep, Kaka a tsakiya, Yaya a gefe da riga a hannu kamar ɗan wanki, ni kuma ba a ganin komai nawa sai ido a bayan bokiti.

Ba zan faɗi wane asibiti ba ne. Maigadinsa dai ya shahara, ko akuya ba ta shiga sai ta yi bayani. Yana leƙa keken ya ga Yaya sai ya buɗe ƙyauren duka biyu, ya ƙame, ya ce, "Dakta, da kanka?"

Yaya ya ce, "Baba maigadi, ni ɗan wasa ne fa."

"Mun sani, Dakta. Ku shige."

Haka aka yi ta yi. Mai ba da kati ya baro tagarsa ya zagayo. Nas-nas suka fito kamar an tashi makaranta. Wannan ta ce a ɗauke su hoto, waccan ta ce sai ya gaya mata tsakani da Allah wa zai aura a shirin, nas ɗin nan mai haƙuri ko 'yar mai kuɗi. Yaya na ta maimaita cewa shi ɗan wasa ne, suna ta cewa sun sani, Dakta. Fatawar Baba ba ta karye ko sau ɗaya ba. Muka ratsa baranda cike da mutane a kan tabarmi, wasu daga Kurya, wasu daga wajen Shinkafi, da ƙullin kayansu da tukwanensu, suna janye ƙafa muna wucewa. Kafin in gama shimfiɗa tabarmata an ba Kaka gado kusa da taga, an ɗaura mata abin awon jini, har da mai gyara mata filo.

Kaka ta kanne mini ido. "Aku, kin gani?"

Na gani. Tafiyata ma ta canza. Ƙanwar Dakta ce ni. Har na ce wa wata mata ta matsar da bokitinta, ta matsar.

Sai Yaya ya ce to, a taimaka a kira likita.

Surutun ya ragu. Babbar nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ja shi gefe. Na ɗauki buta na bi su kamar mai neman famfo. Ta ce likitansu a Gusau yake zaune. Tun da aka tare wani abokin aikinsa a hanya aka shige daji da shi, ba ya zuwa sai ranar da aka ce hanya ta yi kyau, wannan makon kuma ba ta yi ba. Likitansu na biyu kuwa ya nemi canjin wurin aiki ya tafi. Ta ce ciwon Kaka na zuciya ne, ruwa ya taru, za ta yi mata allurar da za ta rage shi, iyakar abin da suke iyawa ke nan. Sauran sai likita, sai Gusau. Mota kuwa ba ta kama hanyar bayan azahar. Sai da safe.

Yaya ya nuna wata doguwar tukunyar oksijin a kusurwa. Ta ce babu komai a ciki. Da na duba da kyau, tawul ɗin wani ne a rataye a kanta.

Na leƙa ofishin likitan da zan wuce. Kujera ce, da tebur, da fankar da ba ta juyi, da wani ƙadangare a kan taga yana gyaɗa kai kamar shi aka bar wa wurin.

Yaya ya fita baranda ya kira Baba, don can waya ke kamawa. Na bi shi. Yana tsaye da rigar a hannu sai mutanen tabarmi suka fara miƙewa. Waɗannan ba su da sola, ba su da mai riƙe musu waya. Abin da suka gani kawai shi ne ma'aikata na rububin wani mutum mai farar riga suna ce masa Dakta. Wani tsoho ya fara kwance ƙyallen da ya naɗe ƙafarsa. Wata mata daga wajen Shinkafi, doguwa, zaninta ya koɗe, ta riga kowa. Ta ɗora masa yaronta a hannu, a kan rigar da na goge. Daga inda nake ina jin zafin jikin yaron.

"Dakta, mun kwan biyu a nan."

"Baiwar Allah, ni ba likita ba ne. Wasa nake yi a talabijin."

"Na ji suna kiran ka. Na ga an ba tsohuwarku gado."

"Wallahi wasa ne. Ban san komai ba."

"To mu ma a yi muna wasan."

Yaya ya tsaya da yaro a hannu, bakinsa na motsi. Da a shirin ne, nan zai ruga. Matar ta jira shi. Da ta ga ba inda za shi, ta karɓe ɗanta ta saɓa a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba komai. Kun duba taku."

Ta koma tabarmarta ta ba mu baya. Ni da ake cewa ko barci nake bakina na aiki, sai na sunkuyar da kai. Na ruga wajen babbar nas, ta ce ta san yaron, ta ba shi abin da take da shi, shi ma likitan yake jira, gado kuma in wani ya tashi. Na dawo in gaya wa matar cewa mu ma ba a duba tamu ba. Ta kau da kai. Ban ga laifinta ba. Mu ke da gado kusa da taga.

Yaya ya dunƙule rigar ya cusa a bokitina, ya danne da zani.

Baba ya zo, ya ji bayani, ya zauna wajen mahaifiyarsa ya yi mata addu'a, sannan ya tafi tasha neman motar da za ta kai mu da safe. Allurar ta ɗan yi aiki. Bayan la'asar Kaka ta samu bakin magana, ta sa na ɗaga ta na jingina da filo.

"Maigida, sa rigar in gani. Cikin waya ɗan mitsitsi kake kamar ƙwaro."

"Baba ya hana, Kaka."

"Ni na haifi Baban."

Na zaro ta daga bokiti. Ta yamutse, gefe ɗaya ya jiƙe, gugata ta tafi a banza. Ya sa. Kaka ta ƙare masa kallo ta ce hannun ya yi masa tsawo, ta aro ce ko? Ya ce ta aro ce. Ta ce ya sa abin sauraron ƙirjin ma. Ya ciro shi daga aljihu, ya toshe kunnuwa, ya ɗora a ƙirjinta, yatsansa a kan salatif. Matan sauran gadajen suka zuba ido suna kallo. Ya daɗe a sunkuye. Ni da ba ni da komai a kunne ina jin yadda ƙirjin ke ƙugi.

"Mi ka ji?"

"Ba ya aiki, Kaka. A tsage yake."

"To ai kun dace da wurin."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙa shafa mata baya. Da ya lafa ta kama hannun rigar.

"Faɗi maganar nan taka."

Yaya ya dube ni. Na ɗaga masa gira. Ya gyara murya, amma ba ta fito irin ta talabijin ba.

"Yau babu mai mutuwa a hannuna, in Allah ya yarda."

"Ba haka kake faɗi ba cikin waya. Ubanka ya ɓata ka."

Ta lumshe ido tana murmushi, ba ta saki rigar ba sai da barci ya ɗauke ta.

Bai yi ƙarya ba, ranar ba ta mutu ba. Washegari ne da hantsi. Mota na bakin ƙofa, direba na jiran sauran motoci su taru a tafi tare, don ba mai shiga hanyar shi kaɗai. Baba da Yaya na wajensa suna roƙo. Ni na naɗe tabarma, na zuba kunu a kofi ina ba ta da cokali. Ta sha biyu, ta ce ya yi tsami, Innarku ba ta iya gasara ba har yau. Na ɗebo na uku, ba ta buɗe baki ba. Ba a hannun Yaya ba ma, a nawa, ni mai bokiti.

Babu na'urar da ta yi kuka. Ba wanda ya rugo. Babbar nas ta tako a hankali, ta taɓa wuyanta, ta shafe mata ido, ta yi salati, ta ce Allah ya ba mu haƙuri. Can ta ƙara da cewa in mun samu hali mu kwashe kayanmu, akwai masu jiran gadon. Da muka fito na duba baranda. Matar Shinkafi ba ta nan, tabarmarta ma babu. Ban san ko ciki aka shiga da su ba ko gida suka koma. Ban tambaya ba, tsoron amsar nake.

A Ƙaura aka rufe ta. Matar da ta ƙi barin kabarin mijinta don 'yan bindiga, hanya ta hana a mayar da ita kusa da shi.

Ranar addu'ar uku babbar nas ta zo gaisuwa, Allah ya saka mata. A cikin hira take gaya wa Inna cewa likita ya iso da safen nan, hanya ta yi kyau. Inna ta ce madalla. A waje kuma, ƙanena ya ce samari na matsawa kusa da Yaya a kan tabarmar makoki, su yi masa ta'aziyya da ƙarfi, sannan su rage murya su tambaye shi wa zai aura.

Ɗaya daga cikin nas-nas ta turo mini hoton da suka ɗauka. Yaya a tsakiya yana murmushi, riga a hannu, su kuma sun kewaye shi kowa ta karkata kai. A can ƙasan hoton, gefen hagu, akwai ƙafar Kaka a kan gado, a kumbure, da sauran lalle a farce. Nakan ja hoton da yatsa biyu har fuskokin su fice, ƙafar ta cika wayar.

Yaya ya koma Kano, aiki ne, da shi yake taimakon gida. Ni ma ban daina kallo ba, me zan yi da Asabar? Sai dai yanzu in sun kwaso da gudu nakan ce a kawo musu bokiti, maƙwabta su ce in rufe musu baki.

Wata rana bayan azahar Baba na zaune a zaure, ya kira ni. Ya ce in kawo wayar nan ya ga abin da tsohuwa take kallo. Na zauna gefensa na riƙe masa. Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, a wannan makon tsohuwa aka kawo. Na san 'yar wasan, ba ta girmi Yaya ba, hoda aka zuba mata a gira. Ta riƙe ƙirji ta faɗi. Likitoci suka rugo, gado ya yi ta gudu a kan tayil, aka kifa mata abin oksijin a hanci, na'ura ta fara kuka. Yaya ya juyo ya zaro ido ya faɗi maganarsa, ba insha Allahu. Na saci kallon Baba, idonsa na kan wayar. Aka dawo daga talla tsohuwa ta buɗe ido tana neman shayi.

Baba ya kalla har sunaye suka gama wucewa. Sannan ya ce, "Wannan asibitin a ina yake?"

Na ce gidan wani attajiri ne a Kano.

Ya ce, "To."

Ya ɗauki butarsa ya fita. An daɗe da yin azahar, la'asar kuma da saura.